Maigida da Baƙonsa: Yadda Aka Sauke Lua Cikin Manhajar Jam'in Hausa a Wagadugu

Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, suna kai kanwa da tufafi suna komowa da goro, ba su shiga gari su sauka inda suka ga dama. Kowane gari yana da zangonsa, kowane zango kuma yana da masu gidajen da ke karɓar baƙi. Maigida shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Shi ma baƙo ya san iyakarsa, akwai ɗakin da yake kwana, akwai kuma cikin gida inda ba ya leƙawa. Har yau sawun wannan fatauci yana nan a sunayen wurare a Burkina Faso: Fada N'Gourma ba kome ba ne illa Fadar Gurma. A Wagadugu kuwa, tsohuwar unguwar Hausawa ita ce Zangouettin da ke tsakiyar birni, wadda aka rushe a 2003 tare da maƙwabtanta domin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, mutanenta suka watsu a gefunan birnin.

A unguwar Zongo ta yau, can yammacin Wagadugu, akwai wani ɗalibin ilimin kwamfuta da ya fito daga ɗaya daga cikin gidajen da wancan rusau ya tayar. Kawunsa dattijo ne da ke tara yaran dangi da yamma yana koya musu Hausar boko, domin ya lura cewa Moore ta riƙe musu wasa, Faransanci ya riƙe musu makaranta, Hausa kuma ta koma ta gaisuwa da aike. Inda rauninsu ya fi fitowa shi ne jam'i. Yaro zai ce mota daidai, amma idan sun yi yawa sai ya tsaya yana lalube. Dattijon yana da littafin rubutu da ya cika da misalai: taga tagogi, ƙofa ƙofofi, gida gidaje, ƙasa ƙasashe, doki dawaki, akuya awaki, sa shanu. Kusan kowane mako sai ya soke wani layi ya rubuta wani a gefensa.

Ɗalibin ya ƙudiri aniyar mayar da littafin ƙaramar manhaja, wadda za ta ba yaro tilo ta nemi jam'i, kuma ta yi aiki a tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba. Soke-soken nan na kawunsa su suka tsayar masa da fasalin aikin. Da zai dunƙule ƙa'idojin jam'i cikin harshen C tare da sauran manhajar, to duk ranar da dattijon ya sauya ra'ayi kan kalma ɗaya sai an sake ƙera kome daga tushe, kuma ba mai iya wannan sai shi. Saboda haka ya raba aikin gida biyu. Abin da ba ya sauyawa, wato allo da tambaya da ƙidayar maki, ya zauna a C. Abin da ke sauyawa, wato nahawu, ya koma wani fayil dabam cikin harshen Lua, wanda manhajar za ta ɗauko duk lokacin da aka kunna ta. Littafin jagorar Lua da kansa yana kiran manhajar da ta ɗauki Lua a cikinta da sunan mai masauki, kuma duk wanda ya san zango zai gane ragowar tsarin ba da wahala ba.

Bambancin harsunan biyu yana cikin wanda ke karanta su. C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, ana miƙa shi ga mafassari, ya juya shi zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar na'urar take ganewa kai tsaye. Abin da aka fassara wa kwamfutar tebur ba zai yi aiki a waya ba, domin ƙwaƙwalwarsu ba iri ɗaya ba ce. Lua kuwa ana juya shi ne zuwa wani umarni na tsaka-tsaki da ake kira baitkod, wanda ba wata na'urar ƙarfe da ke jin sa. Mai jin sa wani inji ne na kwaikwayo, shi ma manhaja ce da aka rubuta da C, yana ɗaukar umarnin ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa. A Lua 5.4 irin waɗannan umarni sun ɗan haura 80, kowane kuma faɗinsa bit 32 ne. Sauke Lua cikin manhaja yana nufin ɗauko wannan inji a gina shi cikin jikinta.

Asalin harshen ma yana da alaƙa da ƙarancin hali. Daga 1977 zuwa 1992 Brazil ta tsaurara shigo da kwamfuta da manhaja daga waje, abin da ya tilasta wa masana ƙasar ƙera kayan aikinsu. A 1993 Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, na cibiyar Tecgraf a jami'ar PUC-Rio, suka fitar da Lua bisa wasu ƙananan harsuna biyu da suka riga suka yi wa kamfanin mai na Petrobras. Ɗaya daga cikinsu sunansa SOL, wato rana a harshen Fotugal, shi ya sa aka raɗa wa magajinsa Lua, wato wata. Tun 2013 da shi ake rubuta ɗimbin samfuran Wikipedia, har da ta Hausa. Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin Zongo shi ne nauyinsa: ɗaukacin rubutun Lua 5.4.6, a dunƙule, bai kai rabin megabait ba. Ga mai sayen intanet da awo a wayarsa, wanda kuma ke aiki da kwamfutar da batirinta ya mutu a garin da ake yawan ɗauke wuta a watannin zafi, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Share ɗaki yana gaba da zuwan baƙo. Kwamfutar tana ɗauke da Ubuntu, don haka abin da ake buƙata da farko shi ne ƙunshin build-essential, wanda ya haɗa mafassarin gcc da make da fayilolin tushe na C. Wannan shi ya fi kome cin intanet, sai ya kwaso shi a filashi daga kwamfutar wani abokin karatunsa. Game da Lua kansa hanya biyu ce. Ko dai a ɗauki ƙunshin liblua5.4-dev da Ubuntu ta tanada, ko kuma a sauko da rubutun asali a gina da hannu. Ya zaɓi ta biyu, domin yana son baƙon ya zauna cikin jakar aikinsa, ya bi manhajar duk inda aka kai ta. Bayan warware ƙunshin, umarni ɗaya ya wadatar, make all test, kuma kafin shayi ya huce abubuwa uku sun fito a jakar src: lua mai aiwatarwa, luac mai juya rubutu zuwa baitkod, da liblua.a, taskar da ke ɗauke da injin kansa. Ta ukun ita ce baƙon.

Daga nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe, kuma tuntuɓen iri biyu ne da ya kamata a rarrabe. Na farko yana zuwa daga mafassari, ya ce bai ga lua.h ba. Wannan fayil, tare da lauxlib.h da lualib.h, takardar gabatarwa ce kawai: tana jera sunayen ayyukan Lua da abin da kowane ke karɓa da abin da yake mayarwa, amma ba aikin kansa a ciki. Maganinsa shi ne a nuna wa mafassari jakar da suke da alamar -I. Na biyu yana zuwa daga mahaɗi, wanda ke ɗinke gutsattsarin manhaja wuri guda bayan fassara, ya ce an ambaci luaL_newstate amma ba a kawo shi ba. A nan an san sunan baƙo, ba a dai ga mutumin ba, kuma maganin shi ne a miƙa liblua.a. Layin da ya yi wa ɗalibin aiki ga shi:

gcc masauki.c -I lua-5.4.6/src lua-5.4.6/src/liblua.a -lm -ldl -o masauki

Jerin yana da muhimmanci. Mahaɗi yana bin fayiloli daga hagu zuwa dama, yana ɗaukar abin da aka riga aka nema kaɗai daga kowace taska, saboda haka idan liblua.a ta riga masauki.c sai ya wuce ta hannu rabbana. Alamar -lm ta taskar lissafi ce, -ldl kuma ta loda taskoki yayin aiki, Lua yana dogara da duka biyun a Linux. Wanda ke rubutu da C++ zai ɗauki lua.hpp a madadin fayilolin nan uku, in ba haka ba sunayen ba za su dace ba.

Da ginin ya tsaya, saura magana tsakanin maigida da baƙo. Ba su miƙa wa juna kome hannu da hannu. Tsakaninsu akwai tari, kamar faifayen da aka ɗora bisa juna, ana ajiyewa a sama ana kuma ɗauka daga sama. Mai masauki yana buɗe ɗaki da luaL_newstate, ya loda fayil ɗin ƙa'idoji, sa'an nan idan yana son jam'in wata kalma ya ɗora aikin da ke yin jam'i bisa tarin da lua_getglobal, ya ɗora kalmar da lua_pushstring, ya yi kira da lua_pcall. Baƙo ya kwashe su, ya yi lissafinsa, ya ajiye amsa a sama. Maigida ya karanta da lua_tostring, ya kwafe ta zuwa nasa wurin, kana ya cire ta da lua_pop. Kwafewar wajibi ce, domin da zarar amsa ta bar tarin, mai sharar Lua yana da ikon ya share ta ko yaushe. Shi kuma lua_pcall, kira ne mai kariya: idan ƙa'ida ta yi kuskure, saƙon kuskuren ne zai dawo bisa tarin. Da a ce kiran ba shi da kariya, kuskure ɗaya a nahawu zai kashe manhajar ɗungurungum a gaban yara. A nan ma Hausa ta fara cin karo da iyakar baƙon, domin Lua a tsarinsa na asali ba ya karɓar baƙi mai lanƙwasa ko alamar hamza a sunan aiki. Aikin da ya kamata a kira jam'i sai aka rubuta shi jami.

Ƙa'idar farko da aka gwada ita ce wadda ta fi yawan 'ya'ya a Hausa ta yau, ta tagogi da ƙofofi: a cire wasalin ƙarshe, a saka o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i. Ana kuma lura da ganɗantawa, inda t ke komawa c a motoci, s ke komawa sh a tasoshi, w ke komawa y a kasuwoyi. Taga ta ba da tagogi, hanya ta ba da hanyoyi, fuska ta ba da fuskoki, mota ta ba da motoci. Da aka zo kan waƙa, sai allon ya nuna waƙo, da wata alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u, da i. Gaɓa ma haka ta yi.

Dalilin yana cikin yadda kwamfuta ke ajiye harafi. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffan Turanci marasa ado suna cin bait ɗaya kowane, amma ƙ tana cin biyu, C6 da 99, ɓ tana cin C9 da 93, ɗ kuma C9 da 97. Lua bai san harafi ba, bait kawai yake ƙirgawa. A wurinsa tsawon ƙasa 5 ne, alhali kowane ɗan aji ɗaya ya san 4 ne. Da aka ce ya ɗauko baƙin ƙarshe na waƙ, sai ya ɗauko 99 shi kaɗai, rabin harafi wanda ba ya nufin kome. Tun daga Lua 5.3 na 2015 akwai taskar utf8, kuma utf8.offset tana nuna inda harafin ƙarshe ya fara, ko bait nawa ya ci. Da aka sauya layi ɗaya, waƙoƙi da gaɓoɓi suka fito lafiya. Sai dai taskar ba ta san babban baƙi da ƙarami ba, kuma string.upper tana wuce ƙ ba ta taɓa ta. Dole ɗalibin ya rubuta ɗan jadawali da hannunsa: ƙ da Ƙ, ɗ da Ɗ, ɓ da Ɓ, sai ƴ da Ƴ saboda littattafan Nijar, inda ake rubuta ƴaƴa a wurin da Nijeriya ke rubuta 'ya'ya. Haka nan sh da ts, haruffa biyu-biyu ne a ido amma sauti ɗaya ne a nahawu, kuma sai an gaya wa injin, in ba haka ba tasha ba za ta ba da tashoshi ba.

Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce a Wagadugu. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, Moore yana da ɛ da ɩ da ʋ da wasula masu alamar hanci. A ƙarshen 2023 an gyara tsarin mulkin Burkina Faso aka ɗaga harsunan ƙasa zuwa matsayin harsunan hukuma, Faransanci ya koma harshen aiki. Doka tana iya ɗaga harshe, amma ba ta shiga cikin manhaja ta gyara ƙirgen bait. Wannan yana hannun wanda ya shirya masaukin.

Bayan haka sai batun iyaka. Akwai umarni ɗaya, luaL_openlibs, da ke buɗe wa baƙo dukkan taskokin Lua a lokaci guda, kuma kusan kowane darasin farawa da shi yake soma. Cikinsu akwai io da os, masu iya buɗe fayil, su goge shi, su ma tayar da wata manhajar. Fayil ɗin nahawu da zai riƙa yawo a filashi daga gida zuwa gida ba shi da hurumin riƙe irin wannan makulli. Ɗalibin ya buɗe taskoki huɗu kawai da luaL_requiref, ta tushe da string da table da utf8, ya kuma cire dofile da loadfile da load daga ta tushen. Ya sa ƙugiya da lua_sethook, wadda ke ƙirga umarnin baitkod ta tsayar da ƙa'idar da ta shiga zagayen da ba shi da ƙarshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Lua ya bar wa mai masauki wannan hukunci gaba ɗaya.

Hukunci mafi nauyi shi ne siffar da za a raba ƙa'idojin a cikinta. Da luac ana iya juya fayil ɗin zuwa baitkod tun a gida, a raba shi a dunƙule yadda ba mai taɓa shi. Abin yana da daɗin ji, amma ribarsa kaɗan ce. Baitkod ba ya sa aiki ya fi sauri, lodawa kawai yake gaggautawa, domin ko rubutu aka ba Lua sai ya juya shi zuwa baitkod kafin ya aiwatar. Kansa yana ɗauke da lambar fitowa, 54 ga Lua 5.4, kuma injin wata fitowar zai ƙi shi. Mafi muni, injin ba ya tantance baitkod, don haka wanda aka lalata ko aka ƙera da mugun nufi yana iya rushe mai masaukin. Ɗalibin ya loda fayil ɗin da luaL_loadfilex, ya ba shi alamar t, wadda ke nufin rubutu kaɗai ake karɓa.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan, wanda ya fito ranar da ya buɗe wa dattijon fayil ɗin. Tsohon ya gyara tabarau, ya bi jadawalin kalmomin da ba su bin ƙa'ida da yatsa, ya tsaya kan kasuwa.

"Ɗana, wa ya ce maka kasuwoyi kaɗai ake cewa? Ina kasuwanni?"

"Kawu, ga wurin nan. A sa waƙafi bayan ta farko, a rubuta ta biyu tsakanin alamun nan, kamar yadda aka yi a layin sama."

Allon rubutun na Faransa ne, ba shi da ƙ, amma kasuwanni ba ta buƙatar ta. Dattijon ya rubuta da yatsa ɗaya, aka adana, aka sake kunna manhajar, ta karɓi amsoshin biyu. Ba a kira mafassari ba, ba a taɓa layi ɗaya na C ba. Daga ranar gyaran nahawu ya koma hannun mai nahawun, har ya buɗe wani jadawalin na karin harshen yamma, domin kada a kayar da yaron da ya rubuta tahi ko hwari yadda ya ji a bakin kakarsa.

Aikin da ke gaba ya fi wannan wuya. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, alhali zaɓin jam'i yakan rataya a kansu, kuma garin da ke zama garuruwa dabam yake da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 da nahawun Paul Newman na 2000 duk suna nuna waɗannan bambance-bambance, kowane da irin alamominsa. A kwamfuta, wasali mai tsawo da faɗuwar murya yakan zama harafi da wata alama dabam da aka ɗora masa, kuma utf8.len za ta ƙirga su biyu. Kafin a rubuta layin da zai haɗe su, sai an sami wanda zai zauna ya furta kalmomin littafin ɗaya bayan ɗaya ana sa musu alama. Dattijon ya ce a fara da sunayen dabbobi, bayan sallar la'asar, kafin yara su taru.